Tambayoyin Masu Karatu: Maganaɗisun NMR, Na'urar da Ba a Kashe Ta

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu ɗaya: katafaren tulun ƙarfen nan da ke tsaye a tsakiyar ɗakin gwajin NMR, na'urar da masana sinadarai ke gano tsarin ƙwayoyin sinadari da ita. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama, mun taƙaita masu tsawo.

Wani ɗalibin ilimin sinadarai ya tambaya: A aji an koya mana cewa da tesla ake auna ƙarfin maganaɗisu, amma a ɗakin gwaji sai in ji ana cewa "na 400" ko "na 600". Mene ne waɗannan lambobi, kuma me ƙarin ƙarfin yake amfana?

Ɗan'uwa, abu ɗaya ake faɗa da harshe biyu. Cibiyar ƙwayar zarrar haidrojin tana da ɗabi'ar ɗan ƙaramin maganaɗisu. Idan aka sa ta cikin filin babban maganaɗisu sai ta riƙa juyi kamar katantanwa, kuma saurin juyin yana bin ƙarfin filin sau da ƙafa: megahaz 42.58 a kan kowace tesla ɗaya (haz ɗaya shi ne juyi ɗaya a daƙiƙa, megahaz kuwa haz miliyan). Ninka wannan da tesla 9.4, ka samu megahaz 400. Tesla 11.7 ita ce ta 500, tesla 14.1 ta 600, tesla 18.8 ta 800. Sunan na haidrojin ne kawai. A cikin na'urar 400 ɗin nan, kabon-13 yana amsawa a wajen megahaz 100.6, ditiriyam kuma, wato haidrojin mai nauyi, a 61.4. Don ka kwatanta, filin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas bai wuce maikrotesla 25 zuwa 65 ba.

Amfanin ƙarfin iri biyu ne. Na farko shi ne ƙarfin sigina. NMR ba ta jin duka ƙwayoyin da ke cikin samfur, ɗan rinjayen da masu fuskantar filin suka yi wa masu ba shi baya kaɗai take ji. A tesla 9.4 da zafin ɗaki, rinjayen nan bai wuce ƙwayoyi 32 cikin miliyan ba. Ƙara ƙarfin fili yana ƙara rinjayen, yana kuma ƙara wutar da juyin ke haifarwa a cikin wayar saurare, wato ƙaramin naɗin da ke kewaye da samfur yana ɗaukar sigina. In ka ninka filin sau biyu, fifikon sigina a kan hayaniya yana ƙaruwa kusan sau 2.8. Kuma tunda sai ka maimaita awo sau huɗu kafin ka ninka wannan fifikon sau biyu, aikin da zai ci sa'a takwas a na 400 zai iya ƙarewa cikin sa'a guda a na 800, idan sauran kayan aikin daidai suke.

Na biyu shi ne rarrabewa. Sakamakon awo zane ne mai tsini-tsini, kowane tsini yana nuna saurin juyin wasu ƙwayoyi. Ka ɗauki tsini biyu da tazararsu ta kai ppm 0.01, wato kashi ɗaya cikin miliyan ɗari na saurin juyin. A na 400 tazarar haz 4 ce, a na 800 haz 8. Rabuwar da maƙwabtan haidrojin ke jawo wa juna kuwa, wadda sau da yawa takan kai haz 7, ba ta canzawa ko kaɗan. Shi ya sa abin da ya cakuɗe a ƙaramar na'ura yake warwarewa a babba. Ga mai aikin furotin, inda ɗaruruwan tsini ke cunkushe wuri ɗaya, wannan shi ne dalilin neman babban fili tun farko. Ga mai haɗa ƙananan sinadarai yana son tabbatar da abin da ya samu, na 400 ya wadatar a mafi yawan lokuta, kuma muna ganin ɓarnar lokaci ce ya yi layin jiran na 800 saboda aikin minti biyar.

Wata sabuwar ma'aikaciya ta ce: An ɗauke wuta da dare, na zaci maganaɗisun ya mutu, sai aka hana ni shiga da maƙulli a hannu. Yaya zai ci gaba da aiki babu lantarki?

Malama, wanda ya hana ki ya yi miki gata. Wannan maganaɗisun ba ya mutuwa don an ɗauke wuta, domin tun ranar da aka kafa shi aka cire shi daga soket.

Cikinsa naɗin waya ne mai tsawon kilomitoci, wadda idan ta yi sanyi ƙwarai turjiyarta ga lantarki takan ɓace ɗungurungum. Heike Kamerlingh Onnes ne ya gano wannan hali a birnin Leiden a 1911, shekara uku bayan ya zama mutum na farko da ya mayar da iskar hiliyam ruwa. Gamin niyobiyam da titaniyam yana shiga wannan hali ƙasa da kelbin 10 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙurewar sanyi), gamin niyobiyam da kuza a wajen kelbin 18. Ana nutsa naɗin cikin ruwan hiliyam mai kelbin 4.2, wato digiri 269 ƙasa da sifili.

A ranar ɗora wuta, injiniya yana ɗumama wani ɗan guntun waya da ya haɗa bakin naɗin biyu, don ya zama mai turjiya. Sai ya tura wuta sannu a hankali, cikin sa'o'i ko kwanaki, har ta kai amfiya ɗari ko ɗari da wani abu. Daga nan ya kashe ɗumamar. Guntun ya huce, da'irar ta rufe kanta, ya zare sandar wutar ya tafi. Wutar tana zagayawa shekara da shekaru, kuma raguwar da ake yarda da ita 'yan haz ne a sa'a cikin ɗaruruwan miliyoyi.

Abin da ke mutuwa da ɗaukewar wuta shi ne kwamfuta da akwatin lantarkin na'urar. Togaciya ɗaya: manyan maganaɗisan da ake sanyaya su zuwa wajen kelbin 2 suna dogara da famfunan da ke zuƙe tururin hiliyam, kuma waɗannan dole a ba su batir da janareta.

Ki nemi layin da aka zana a ƙasa, na gaus 5, wato militesla 0.5. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ya ƙetare shi. Sifana, almakashi, silindar gas ta ƙarfe, kujera mai ƙafar ƙarfe da na'urar kashe gobara ta gama-gari duk a waje suke tsayawa. Maganaɗisan zamani suna da naɗi na biyu daga waje wanda ke soke filin da ke yaɗuwa, har layin ya matso kusa da jikin tulun. Wannan ya rage wurin da ake buƙata, amma akwai tarko a ciki: ba ki jin komai a hannu har sai kin matso, sannan jan ya zo gaba ɗaya cikin taku guda, musamman a ƙarƙashin tulun da samansa.

Wani mai kula da na'ura ya rubuto: An danƙa mini ɗura naitrojin da hiliyam. Me ya fi lalacewa a wannan aiki, kuma waɗanne alamu zan riƙa dubawa?

Malam, fara da fahimtar tulun. Filas ne a cikin filas. A can ciki akwai tukunyar hiliyam da naɗin. Kewaye da ita sarari ne da aka zuƙe wa iska, da garkuwar ƙarfe mai tare zafi, sai tukunyar ruwan naitrojin mai kelbin 77, sai wani sararin marar iska da ɗimbin siraran ledoji masu sheƙi, sannan jikin waje. Aikin naitrojin shi ne ya sha zafin ɗaki kafin ya kai ga hiliyam. Dalilin a lissafi yake: litar naitrojin tana shan kusan kilojul 160 kafin ta ƙafe, litar hiliyam kuwa 2.6 kacal. Zafin wat ɗaya, wanda hannunka ba zai ma ji ba, yana ƙafar da lita 1.4 na hiliyam a sa'a.

Naitrojin ana ɗura shi mako-mako ko bayan mako biyu. Hiliyam kuwa bayan wata uku zuwa shekara, gwargwadon ƙirar tulun. Kada ka taɓa barin naitrojin ya ƙare. Da zarar garkuwar ta ɗumama, ƙafewar hiliyam za ta haura nan take. Lokacin ɗura shi ka sa tiyo a bakin mafitar ka karkatar da shi nesa da jikin tulun. Ruwan da ya kwarara a kan murfi ko gindi yana daskarar da zoben robar da ke riƙe sararin marar iska, robar ta ƙanƙance, iska ta shiga. An yi asarar maganaɗisai ta wannan 'yar ƙaramar hanya.

Hiliyam ya fi son natsuwa. Ka cika naitrojin kwana ɗaya kafin ranar ɗura shi. Tankin da aka kawo ya zama wanda maganaɗisu ba ya ja. Ka zura ƙafa ɗaya ta bututun ɗura cikin tankin a hankali, ka bar ɗaya bakin a waje. Da fari iska ce za ta fito, sannan farin hazo, sannan wani farin harshe mai kauri kamar na wutar kyandir. Sai ka ga wannan harshen za ka zura bututun cikin maganaɗisu. Wanda ya yi gaggawa ya zura bututu mai ɗumi, iska mai zafi yake hura wa naɗin, kuma wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe maganaɗisu. Matsin turawa kaɗan ne, kamar miliba 70 zuwa 140, kuma da iskar hiliyam kaɗai ake yinsa. Iskar ɗaki ko naitrojin za su daskare su toshe bututun. Ka auna abin da ke cikin tankin tun kafin ka fara, don kada ya ƙare yana tura iska zalla. Idan tukunya ta cika, za ka ga irin farin harshen nan a mafita. Ka saki matsin, ka zare bututun, ka mayar da toshiya da bawul mai hana iska komawa ba tare da jinkiri ba. Safar hannu mai kauri da kariyar fuska wajibi ne. Ruwan da za ka ga yana ɗiga daga bututun mafita iskar ɗaki ce ta zama ruwa, kuma oksijin ya yi yawa a cikinta, don haka kada mai ko giris ya kasance a ƙasansa.

Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta matakin ruwan biyu da karatun mitar ƙafewa, mai auna iskar hiliyam da ke fita, kullum. Hawa da sauka kaɗan ba komai ba ne: idan matsin iskar sararin sama ya faɗi gabanin hadari ƙafewa takan ƙaru, in ya tashi ta ragu. Hawan da ya ɗore makonni, tare da gumi ko ƙanƙara a jikin tulun inda ba a saba gani ba, alama ce ta sararin marar iska ya fara lalacewa.

Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce akasin haka. Idan mitar ta faɗi sifili ta zauna, kada ka yi murna cewa an daina asara. Hiliyam bai taɓa daina ƙafewa ba. Ko dai yana zurarewa ta wata kafa, ko kuma iska ta shiga wuyan tulun ta daskare ta toshe hanya, matsi yana taruwa a ciki. Kada ka soka sanda don fasa ƙanƙarar. Ka kira injiniyan kamfanin a ranar.

Masu karatu da dama sun tambaya game da abin da ma'aikata ke kira "kwenc".

Shi ne ranar da wayar ta dawo da turjiyarta. Wani ɗan wuri a cikin naɗin ya ɗumama, wataƙila don hiliyam ya yi ƙasa, ko ƙarfe ya bugi tulun, ko waya ta motsa da kaurin gashi. Wutar da ke ratsa wurin ta haifar da zafi, zafin ya kama maƙwabta, cikin daƙiƙu duk naɗin ya ɗauka. Domin haka ake binne zaren wayar cikin jan ƙarfe, ake kuma sa dayod, wato ƙofar wuta mai hanya ɗaya, da abubuwan turjiya a ciki, don wutar ta sami hanyar bi kuma zafin ya bazu maimakon ya ƙone wuri ɗaya.

A yi lissafi da misali. Naɗi mai henri 100 (ma'aunin yadda naɗi ke adana ƙarfi a filinsa) da amfiya 100 yana riƙe da kilojul 500, wanda a takarda ya isa ya ƙafar da lita 190 na hiliyam, kodayake jikin naɗin yana shanye wani kaso. Lita ɗaya ta ruwan tana zama kusan lita 750 ta iska. Lita 100 ke nan ta cika ɗaki mai mita biyar tsawo, biyar faɗi, uku tsayi. Hiliyam ba guba ba ne, amma yana korar oksijin, ba shi da wari, kuma jiki ba ya gargaɗin mutum kafin ya faɗi. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari. Ana saita ƙararrawa a 19.5.

In ka ji ƙara mai ƙarfi ka ga farin hazo yana tashi daga saman tulun, ka fita, ka sunkuyar da kai domin hiliyam sama yake yi, ka bar ƙofa a buɗe, ka hana kowa shiga. Kada ka ɗauka filin ya mutu sai an auna. Naitrojin mai sanyi shi kuma ƙasa yake kwanciya, don haka ɗakin da ke da rami a ƙarƙashin maganaɗisu yana buƙatar na'urar awon oksijin a can ƙasa ma. Sau da yawa maganaɗisun yana tsira, a sake sanyaya shi a ɗora masa wuta, amma makonni sun tafi. Sabon maganaɗisu yakan yi kwenc sau ɗaya ko biyu a ɗorin farko yayin da wayoyi ke zama a mazauninsu, kuma wannan ba aibi ba ne.

Wata mai bincike ta koka: Na kai samfurina na'urar 600, amma tsinin ya fito da faɗi da jela, bai kai kyan wanda na samu a 400 ba.

Malama, ƙarfi ba ya gyara rashin daidaito. Don tsini ya fito da faɗin rabin haz a megahaz 600, dole filin ya zama iri ɗaya a duk faɗin samfurin har zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan. Babu naɗin da ake naɗawa da wannan kyau. Ana cike giɓin da ƙananan naɗe-naɗe da ake kira shim: wasu a cikin hiliyam, injiniya ya saita su sau ɗaya, wasu kuma, ashirin zuwa arba'in, a cikin ramin tsakiya, su ne ake gyarawa ga kowane samfur.

Kafin ki zargi na'ura, ki dubi bututunki. A bututun milimita 5, ruwan ya kai mililita 0.5 zuwa 0.6, tsayin kusan santimita 4. In ya gaza, saman ruwan yana kusa da wayar saurare, kuma iyakar ruwa da iska tana lanƙwasa filin fiye da yadda shim zai iya miƙewa. Ki saita zurfin da ma'auninsa. Ki tace duk wani gari ko zare. Ɗigon ƙarfe ko wani sinadari mai jan maganaɗisu, ko da ido bai gan shi ba, yana faɗaɗa kowane tsini. Bututu mai arha wanda bai miƙe ba, ko wanda aka gasa a tanda har ya lanƙwashe, yakan wuce a na 400 ya tona asirin kansa a na 600, domin irin wannan lahani a haz yana girma tare da filin.

Siffar tsinin tana faɗin inda matsalar take. Jela a gefe ɗaya tana nuna shim ɗin da ake kira Z2 ko Z4 ne ke son gyara. Faɗi daidai a gefe biyu, musamman a gindi, Z1 ko Z3 ne. Ƙananan tsini biyu a dama da hagu, da tazarar saurin da na'ura ke juya bututun samfur, yawanci haz 20, na shim ɗin X da Y ne. Ki tabbatar kuma na'urar ta kama siginar ditiriyam na ruwan narkarwa, domin da ita take bin sauyin filin tana gyarawa. Idan tsinin sauran ruwan narkarwa siriri ne, naki kaɗai ne mai faɗi, to maganaɗisu ba shi da laifi. Sinadarinki ne ke musayar siffa ko yake dunƙulewa, kuma canza zafin awo zai nuna miki. In duka sun yi faɗi, ki roƙi mai kula ya gwada samfurin ma'auni na kulorofom a cikin asiton. Lif ko manyan motoci da ke wucewa kusa da ɗakin su ma suna girgiza filin.

Wani malamin fiziya ya tambaya: Me ya hana a ƙera na megahaz 2000?

Waya da ƙarfin jiki. Kowace waya marar turjiya tana da iyakar filin da za ta jure. Niyobiyam da titaniyam yana kai wa wajen tesla 9.4 a kelbin 4.2. Daga nan sai niyobiyam da kuza a naɗin ciki, wanda yake da gautsi kamar tangaran, har sai an naɗa shi tukuna a gasa shi kwanaki a wajen digiri 650 kafin gamin ya haɗu. Da sanyaya shi zuwa wajen kelbin 2 aka kai tesla 23.5, na'urar gigahaz ɗaya, wato megahaz 1000, da aka kafa a Lyon ta Faransa a 2009. Nan wannan wayar ta tsaya.

Abin da ya buɗe hanya shi ne wayoyin tangaran masu jure babban fili. A Japan an sanar da kai megahaz 1020 a 2015 da naɗin ciki na gamin bismut. A 2020 kamfanin Bruker ya kafa na gigahaz 1.2, tesla 28.2, a Jami'ar Florence ta Italiya. Wahalar waɗannan wayoyi ita ce a siffar tef suke zuwa, wasu wutoci na yawo a faɗin tef ɗin suna ɓata daidaiton fili, haɗa bakinsu ba tare da turjiya ba yana da wuya, kuma kwenc yana yaɗuwa a cikinsu a hankali har wuri ɗaya ya ƙone kafin a farga. Ga kuma matsin da filin ke yi wa naɗinsa, wanda ke ninkuwa sau huɗu duk lokacin da filin ya ninku sau biyu: kusan ninki 400 na matsin iskar duniya a tesla 10, sama da 3000 a tesla 28.

A Tallahassee ta jihar Florida a Amurka akwai mai tesla 36, daidai da gigahaz 1.5, amma gauraye ne da naɗin jan ƙarfe mai cin megawat 14, kuma daidaitonsa kashi ɗaya cikin miliyan ne. Ya dace da daskararrun abubuwa da ƙwayoyi irin su oksijin-17, bai kai ga siraran tsinin ruwa ba.

Tambaya ta ƙarshe: Ƙananan na'urorin kan tebur, su ma hiliyam suke sha?

A'a. Maganaɗisun dindindin ne, na niyodimiyam ko samariyam da kobalt, galibi tesla 1 zuwa 2.35, wato megahaz 43 zuwa 100. Sun isa koyarwa da bin diddigin haɗin sinadarai. Rauninsu zafi ne: ƙarfin niyodimiyam yana raguwa da kusan kashi 0.1 cikin ɗari a kowane digiri, wanda a na'urar 60 ya kai haz dubu 60. Shi ya sa ake riƙe maganaɗisun a zafi ɗaya dare da rana. Kada a kashe ta da yamma, kada a ajiye ta a bakin taga ko gaban na'urar sanyaya ɗaki, kuma samfurin da ya fito daga firji a bar shi ya kai zafin ɗaki kafin a zura shi.